Yatsanka, Lambarka da Ofishin 'Yan Sanda

 

A taron ƙungiyoyin gama kai da muka yi bayan girbi, an shirya za a yi magana a kan taki da maganin ƙwarin wake, amma sai wata tambaya ta cinye rabin yinin. Wata uwa ce, gwauruwa, ta tashi ta ba da labarin abin da ya same ta. Ɗan ƙanenta ya zo daga birni ya ce mata, "Gwaggo, kawo takardar lambarki ta ɗan ƙasa, za a raba tallafi." Ta ɗauko ta ba shi, har ta bi shi wurin masu rajistar layin waya aka ɗauki hotonta. Tallafi dai bai zo ba. Bayan wata biyar sai ga baƙi a mota sun sauka ƙofar mai unguwa, suna riƙe da takarda mai sunanta da hotonta, suna neman mai layin da aka yi amfani da shi aka cuci wani ɗan kasuwa kuɗin buhunan riɗi. Ita kuwa ko wayar ba ta taɓa gani ba. Sai da ta kwana biyu a tsare kafin mai unguwa da dattawan ikkilisiya su karɓo belinta.

Ga tambayar da ta yi mana: "Mutanen da ba su taɓa taka garinmu ba, ta yaya suka san sunana, suka san fuskata, har suka san ƙofar gidana?" A ranar ba wanda ya ba ta amsa mai gamsarwa. Mun yi alkawari za mu bincika mu rubuta, ga shi kuwa mun cika. In akwai wanda bai iya karatu ba a ƙungiyarku, a karanta masa.

Yadda ake sanin mutum a da

A ƙasarmu ta arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, ba wani daji tsakanin gari da gari, sanin mutum bai taɓa zama abin wahala ba. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Dambatta zuwa Kunchi, in baƙo ya faɗi sunan ubansa da unguwarsu, da wuya a rasa wanda ya san kakansa. Tsofaffinmu ma shaidarsu tana fuskarsu, gama wanzami ya yi musu askar gidansu tun suna jarirai. Mai unguwa ya san kowane magidanci, shi ke kai magana wurin dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Mai tafiya cin rani kuwa takardar haraji ce abokiyar tafiyarsa, in an tare shi a hanya ita zai nuna, har zuwa 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Abin lura shi ne, a wancan zamani mai ba da shaida a kanka mutum ne da ya san halinka. In an ce wance ta yi zamba, mai unguwa zai ce, "A'a, wannan na san ta, ba aikinta ba ne." Yanzu shaidar farko tana fitowa ne daga na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, da ke Abuja ko Ikko. Ita ba ta san halin kowa ba. Abin da aka zuba mata, shi ta sani.

Kunyoyin da ke kan yatsa

Ku fita hasken rana ku dubi kan babban yatsanku da kyau. Za ku ga 'yan layuka sirara a jere, kamar kunyoyin gonar da aka yi wa huɗa. Wata kunyar takan yi tafiya ta tsaya a tsakiya, wata ta rabu biyu kamar hanyar da ta yi rassa. A wani yatsan kunyoyin sun lanƙwashe kamar lauje, a wani sun kewaye kamar ɗinkin faifai, a wani kuma sun ɗan yi tudu kawai sun wuce. Cikin yatsu 10, wajen 6 masu lauje ne, wajen 3 masu faifai, masu tudun su ne kaɗan.

Allah yana tsara wannan zane tun jariri yana cikin uwarsa, ba ya kuwa sakewa har mutuwa. In wuƙa ta ɗan yanke ka, da warkewa zanen zai komo yadda yake, sai dai in raunin ya yi zurfi ya bar tabo. Har yau ba a sami mutum biyu masu zane iri ɗaya sak ba. Ko tagwayen da uwarsu kaɗai ke iya rabe su, zanen yatsunsu dabam yake.

Amfani da wannan a aikin hukuma ya yi ƙarfi ne a ƙasar Indiya zamanin mulkin Ingila. A 1858 wani jami'in Turawa mai suna William Herschel ya sa wani ɗan kwangila ya danna tafin hannunsa da tawada a kan takardar yarjejeniya, don kada gobe ya yi musu. Ku lura, tun farko maganar ciniki ce da bashi, kafin ta zama maganar ɓarayi. A 1897 aka buɗe ofishin ajiye zanen yatsa na 'yan sanda a birnin Kalkata. Wasu 'yan sanda biyu 'yan ƙasar, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, su suka yi aikin tsara hanyar jera katunan yadda za a iya gano na mutum ɗaya cikin dubbai, amma sunan maigidansu Bature, Edward Henry, aka raɗa wa tsarin. Mu da muka taɓa yin ƙodago a gonar wani, wannan ba zai ba mu mamaki ba. A 1901 'yan sandan Landan suka ɗauki tsarin, daga nan ya bazu ƙasashen da Ingila ke mulki. Dangwalen da iyayenmu suka riƙa yi a takardar rance da ta kotu, asalinsa ke nan.

Bambancin da da yanzu shi ne sauri. Da, sai ma'aikaci ya zauna da gilashin ƙara girma yana gwada kati da kati. Yanzu in ka ɗora yatsa a kan gilashin na'ura, sai ta ɗauki hoton kunyoyin, ta lura da wuraren da suka tsaya da wuraren da suka rabu, ta auna tsakaninsu, ta mai da duka lissafi. Wannan lissafin take gwadawa da na sauran mutane. Haka ake yi da fuska: ana auna tsakanin idanu, da hanci, da haɓa. Ma'aikata suna kiran irin wannan shaida ta jiki da suna bayometirik.

Rumbuna da yawa, ƙofa ɗaya

Wurin da ake tara waɗannan bayanai ana ce masa rumbun bayanai, sunan kuwa ya dace. Kamar yadda kake zuba gero a rumbu ka ɗiba ranar bukata, haka hukuma ke zuba sunanka, da hotonka, da zanen yatsunka, da adireshinka. Sai dai wannan rumbun ko an ɗiba ba ya raguwa, mutum dubu suna iya ɗibar abu guda.

Ku ƙirga sau nawa aka ɗauki yatsunku. A 2011 aka soma yi wa layukan waya rajista da hoto da yatsa. A wannan shekara kuma hukumar zaɓe, INEC, ta yi rajistar masu jefa ƙuri'a da na'ura. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, wadda ke ɗaure dukan asusun mutum a igiya ɗaya, ko a banki nawa yake ajiya. Da yawa cikinmu mun yi ta ne saboda rancen noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Babbar cikinsu ita ce lambar ɗan ƙasa, NIN, mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. An kafa hukumar da dokar 2007, tana ɗaukar yatsu 10 da hoton fuska, a 2023 kuma waɗanda ta yi wa rajista suka kai miliyan 100. Jihar Kano ce ta biyu a yawa, bayan Ikko. Ga kuma na masu fasfo da na masu lasin tuƙi. Su ma 'yan sanda suna da nasu na masu laifi, wanda tun da daɗewa cibiyarsa tana Alagbon a Ikko. Can ake dubawa in mutum yana neman takardar shaidar cewa bai taɓa yin laifi ba.

Shekaru da yawa kowace hukuma tana tsaron nata rumbun, ba ƙofa a tsakani. Abin da ya sake shi ne an fasa ƙofofi. A watan Disamba 2020 gwamnati ta ba da umarni kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Kun tuna layin da muka sha a rana, ga annobar korona. A watan Fabrairu 2022 ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya sanar cewa Shugaba Buhari ya yarda wasu hukumomin tsaro su riƙa duba rumbun NIMC. A watan Afrilu na wannan shekara aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumba 2024. A 2024 ɗin nan ne kuma aka matsa wa bankuna, har da masu ƙananan asusu na waya, su ɗaure kowane asusu da BVN ko NIN. Abin bai tsaya a iyakar Nijeriya ba, gama a 2012 ƙungiyar 'yan sandan duniya, Interpol, da ECOWAS suka soma aikin haɗa bayanan 'yan sandan ƙasashen Afirka ta Yamma, domin wanda ake nema a nan a iya gane shi ko ya tsallaka wata ƙasa.

To, yanzu ga amsar tambayar uwarmu. Ɗan kasuwan da aka cuta ya kai ƙara, abin da ke hannunsa lambar wayar da aka kira shi da ita ne, da lambar asusun da ya tura kuɗi. 'Yan sanda suka nemi bayani daga kamfanin waya da kuma banki. Kamfanin waya yana ajiye lissafin kowane kira: wa aka kira, yaushe, minti nawa, kusa da wane ƙarfen sadarwa wayar take a lokacin. Kowace waya ma tana da lambarta ta kanta mai alƙaluma 15, saboda haka ko an sake layi ana iya gane wayar. Kamfanin ya duba ya ce layin nan yana ɗaure da lambar NIN kaza. Aka buga lambar, sai ga suna, ga hoto, ga gari da unguwa. Daga nan sai hawa mota. Babu tsafi a ciki, babu kuma wanda ya kai tseguminta. Na'urar ba ta yi ƙarya ba: layin nata ne a rubuce. Abin da ba ta iya faɗa ba shi ne hannun wa ke riƙe da wayar ranar da aka yi zambar.

Amfaninsa da iyakarsa

Kada mu yi rashin gaskiya, abin yana da amfani. An sha gano wayar da aka sace ta wannan hanya. An kama masu neman kuɗin fansa ta bin sawun kiransu. Wanda ya ci bashin banki ya gudu ya sake suna, yatsansa zai tona shi. Mai ƙananan ƙarfi da aka cuta a cinikin hatsi a Dawanau, da ba shi da abin yi sai haƙuri, yanzu yana da bakin zaren da za a bi.

Amma wani dattijo ya yi tambaya a taron nan, ta kuwa cancanci a maimaita ta. Ya ce in har ana iya gano gwauruwa a cikin ɗakinta, me ya hana a gano masu satar mutane da ke kiran waya kullum suna cinikin rai? A ƙarshen 2025 mun ji yadda 'yan bindiga suka riƙa shigowa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina suna kwasar mutane, saboda haka maganar ba ta nesa ba ce. Shi kansa Pantami, a watan Janairu 2024 bayan ya bar mulki, ya fito ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan nan yadda ya kamata. Wani dalilin kuma, sau da yawa ɓarayin da wayar wanda suka sace suke kira, ko da layin da aka yi wa rajista da sunan wani. Sa'an nan sanin inda mutum yake dabam, isa wurin da ƙarfin kama shi dabam. A ganina, komar nan ta fi kama wanda ke zaune wuri ɗaya da sunansa na gaskiya. Mu ke nan, manoma.

Na'ura tana kuskure

Akwai masu cewa ai kwamfuta ba ta kuskure. Ga labari biyu, dukansu sun je gaban hukuma.

A 2019 jami'an tsaro na farin kaya suka kama wani ɗan kasuwa a Asaba, Jihar Delta, suka tsare shi mako 10. Laifinsa shi ne ya sayi layin waya a kasuwa, ashe lambar ta taɓa zama ta ɗiyar shugaban ƙasa na lokacin. Kamfanonin waya sukan sake sayar da lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba. A 2020 Babbar Kotun Tarayya ta ce an zalunce shi, ta ce a biya shi diyyar naira miliyan 10. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Layin da ka jefar a aljihun tsohuwar riga, wata rana wani ne zai riƙe shi, alhali watakila har yanzu yana ɗaure da asusunka na banki. Sabon layin da ka saya kuma, ba ka san abin da mai shi na da ya aikata da shi ba. Saboda haka ka adana takardar sayen.

Na biyu a Amurka ya faru, inda suke da gwanaye da kayan aiki. A 2004 aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa a Madrid ta ƙasar Sifen. Aka sami zanen yatsa a jikin wata jaka, na'urar 'yan sandan FBI ta fito da sunayen waɗanda zanensu ya yi kusa da shi, gwanayensu suka tsaya a kan wani lauya Ba'amurke suka ce lalle shi ne. Ya yi mako biyu a tsare. Daga baya 'yan sandan Sifen suka tabbatar yatsan na wani mutumin Aljeriya ne. Gwamnatin Amurka ta ba da haƙuri, ta biya shi dala miliyan 2 a 2006. Zanen da ake ɗaukowa a wurin da aka yi laifi yawanci guntu ne, ya dagule, kamar sawun akuya bayan an yi ruwa. Na'ura takan ce wannan ya yi kama da wancan, mutum ne ke yanke magana, mutum kuwa ajizi ne.

Hannun manomi yana da tasa matsalar. Fartanya da garma, da yankan kara, da ɓarar gyaɗa, da aikin siminti lokacin rani, duk suna goge kunyoyin yatsa, hunturu kuma ya zo ya tsattsage su. Tsufa ma yana sa su shafe. Mata masu surfe da wanki haka, lalle mai kauri kuma yakan hana na'ura gani, har hukumar JAMB ta gargaɗi ɗalibai a kan haka. Na ga wani dattijo da aka mayar da shi gida sau uku wurin karɓar kuɗinsa, yaron da ke riƙe da na'urar yana yi masa kallon mai ƙarya. In haka ta same ka kada ka ji kunya. A zaɓen 2015 na'urar tantancewa ta ƙi karɓar Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan kansa a garinsu Otuoke, duniya tana kallo. Ka wanke hannu, in ya bushe ƙwarai ka ɗan murza shi a goshi ya sami maiƙo kaɗan, ka gwada wani yatsan. In ya ƙi, ka nemi a gwada da fuska, ko a kira babban ma'aikaci. Wanda zai je sabuwar rajista kuwa, gara ya bari hannunsa ya ɗan huta daga aiki mai tsanani, domin zanen da aka ɗauka ranar farko da shi za a riƙa gwada shi nan gaba.

Abin da doka ta ce

Dokar shari'ar masu laifi ta 2015 ta ce in an kama mutum a rubuta sunansa, da laifin da ake zarginsa, da ranar kamun, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Jihar Kano ta yi tata irin wannan doka a 2019. Saboda haka ɗaukar yatsan wanda aka kama ba zalunci ba ne a kan kansa, ba kuma shi ne hukunci ba. Alƙali ne kaɗai ke cewa mutum ya yi laifi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, watau ba a kama uwa domin ɗanta ya gudu. Tsarin mulkin ƙasa ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in kotu tana kusa, ko kwana biyu in da nisa. Kana da ikon ka yi shiru har sai ka ga lauya ko wani naka. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, ko da yake kowa ya san abin da akan tarar a can. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar ba da lauya kyauta ta gwamnati, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, dukansu suna da ofis a Kano.

Abu ɗaya nake roƙonku. Kada ku dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta muku ita da Hausa ba, a ofishin 'yan sanda ne, ko wurin mai ba da rance, ko wurin cinikin gona. Ranar shari'a, yatsan nan zai yi magana a madadinku, ba za ku iya cewa ba naku ba ne.

A watan Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. Ta ba mutum iko ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a gyara kuskure, ta kuma sa zanen yatsa cikin bayanan da ke bukatar tsaro na musamman. Sai dai ta sassauta wa masu binciken laifi da masu tsaron ƙasa. Rumbun kuwa yana da ɓeraye. A 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan naira 100, ko da yake NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. A 2025 hukumar EFCC ta yi shela cewa akwai dubban samari da ke bin mutane suna sayen lambobinsu da hotunansu a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar da su a buɗe asusun da za a yi zamba da shi. Ku auna: kuɗin da bai fi na mudun hatsi ɗaya ko biyu ba, a kansa mutum ya ba da sunan da ubansa ya raɗa masa.

Ko alamar nan ce?

Na san wasu 'yan'uwa sun ƙi yin rajista sam, suna tsoron ko wannan ita ce alamar da aka ambata a Ru'ya ta Yohanna sura 13, tun da yanzu ciniki ma yana neman gagarar wanda ba shi da lamba. Ba zan yi musu dariya ba, fassarar kuwa na bar wa fastocinmu. Nawa ra'ayin dai shi ne, abin da aka yi gargaɗi a kansa a can maganar sujada ce da musun Ubangiji, ba wanda kuwa ya ce mu yi musun bangaskiyarmu a ofishin rajista. Mu tuna kuma a Luka sura 2, rajistar da Kaisar Augusta ya umarta ita ta kai Yusufu da Maryamu Baitalami. Wanda ya ƙi yi, ɗansa ba zai rubuta jarrabawar JAMB ba, gama tun 2021 sai da NIN, shi kuma ba rance, ba asusu, ba layi. Daga nan sai ya koma aron na maƙwabci, aron nan kuwa shi ne tushen wahalar da muke magana a kai.

Aikin da ke gaban ƙungiya

Ƙungiyoyinmu ma masu rumbu ne, ko ba mu lura ba. Littafin magatakarda yana ɗauke da sunan kowane ɗan ƙungiya, da lambar wayarsa, da NIN, da BVN, wani har da hoto. A wurin ɗan damfara wannan littafi ya fi buhun taki daraja. Na sha ganin an bar shi a kan benci bayan sujada, na kuma ga an ɗauki hotonsa an tura ta WhatsApp ga wani wanda ya ce shi wakilin masu raba irin shuka ne, ba wanda ya tambaye shi takardar shaida. A sa littafin a akwati mai kwaɗo tare da littafin ma'aji. Duk wanda ya zo neman sunaye, ya kawo wasiƙa daga ofishinsa, shugaba da malamin gona su bincika tukuna, a kuma gaya wa 'yan ƙungiya kafin a ba da sunan kowa. Lambar sirri ta katin banki, da 'yar lambar nan da banki ke aikowa ta waya in za a fitar da kuɗi, waɗannan ko magatakarda bai kamata ya sani ba. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi su.

Sai maganar suna, wadda ta fi damun mu Kirista. Mutum a gida Ɗanjuma ne, a takardar baftisma Yohanna, a makaranta an rubuta shi da sunan garinsu. A banki ya ba da ɗaya, a NIMC ya ba da wani, shekarar haihuwa kuma kowane ma'aikaci ya ƙiyasta tasa. Ga na'ura waɗannan mutum uku ne, ga ɗan sanda kuwa mai suna uku abin zargi ne. Rajistar farko kyauta ce, gyara kuwa da kuɗi da zirga-zirga. Saboda haka a zauna a daidaita tun ba a shiga bukata ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin baftisma na ikkilisiya yana da amfani ƙwarai a nan, domin sau da yawa shi ne rubutu mafi tsufa a kan haihuwar mutum. Yaran da ake haifa yanzu, a yi musu takardar haihuwa, a tsaya a kan suna ɗaya.

Kuɗin da wani ya ce a turo ta asusunka ka cire masa, ka san daga ina ya fito kafin ka yarda, ko da ɗan ɗakinku ne. Wayarka in ta ɓace, a ranar ka je a rufe layin, ka sanar da banki, ka kuma sa a rubuta a ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda. Tsohuwar waya mai araha a bakin kasuwa, ba rasit ba kwali, bar ta inda ka gan ta. In wani ya rasu, iyalinsa su kula da layinsa da asusunsa, kada yara su ci gaba da yawo da su da sunan mamaci.

In kuwa aka zo aka tafi da ɗan ƙungiya, kada a bar shi shi kaɗai. Mutum biyu ko uku su bi shi tare da mai unguwa, su rubuta sunan ofishin da lokacin da aka kai shi, su faɗi abin da suka sani game da shi, gaskiya tsantsa, ba ƙari ba ragi. Abin da ya fid da uwarmu ke nan. Dattawa sun shaida cewa ranar da aka yi kiran tana gidan biki a wani ƙauye, bayanin kamfanin waya kuma ya nuna wayar tana cikin birni a wannan sa'a.

Bayan an sake ta, magatakardan ƙungiyarsu ya raka ta ofishin kamfanin waya suka tambayi layi nawa ke ɗaure da lambarta. Aka tarar da uku, ba ko ɗaya a hannunta, aka rufe su duka. Ɗan ƙanen nata har yanzu bai komo gida ba. Kowa yana iya yin irin wannan tambaya a ofishin kamfanin da yake amfani da layinsa. Wanda ya manta lambarsa ta NIN ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, ta BVN kuma *565*0#, akan cire 'yan kuɗi kaɗan. A taro mai zuwa kowane magatakarda ya zo da littafinsa, kowane ɗan ƙungiya kuma ya zo da takardunsa, za mu zauna mu gwada sunaye ɗaya bayan ɗaya kafin lokacin neman rancen damina.